Tiga, Challawa da Kacala: Wa Ya Amfana, Wa Ya Biya?

Duk wanda ya bi fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru zai ga wata ciyawa da ta fi mutum tsawo ta mamaye bakin ruwa. Sunanta kacala, masana tsirrai kuma suna kiranta Typha. Labarin yaɗuwarta ya faro ne daga nesa, can ƙasar Kano.

A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 kuma ta Challawa. Manufar ba ta da aibi: birnin Kano ya sami ruwan sha, manoman Kadawa da Kura su yi noman rani. Sai dai a ganina, masu tsarin ba su auna halin talakawan da ke gangaren kogi yadda ya kamata ba.

Kafin madatsun, kogin Haɗeja yakan cika da damina ya malale fadamu, da rani ya janye. Kifi ya hayayyafa a cikin malalen, manomi ya shuka shinkafa, ruwa na janyewa ya bi danshi da wake, makiyayi ya biyo baya da shanunsa. Bushewar rani kuwa ita ce ke taka wa kacala birki. Da aka shiga sakin ruwa rani da damina, sai ƙasa ta daina bushewa. Saiwar kacala tana tafiya a ƙarƙashin laka tana fid da sabbin tsirrai, duhunta yana rage gudun ruwa, laka ta kwanta, hanya ta toshe. Ta haka ruwa ya karkata ta Marma zuwa Nguru ya cinye gonaki, alhali Burum Gana yana ƙafewa. Ga kuma tsuntsun jan-baki ya sami mafaka, haka nan sauro da katantanwar da ke yaɗa tsargiya.

A shekarun 1990, masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun lissafa abin da fadamun ke samarwa na amfanin gona da kifi da itacen wuta. Suka tarar ruwan da aka bari ya malale fadama ya fi wanda aka tare domin aikin noman rani na Kano kawo amfani, nesa ba kusa ba. Abin da ya ɓoye wannan, mai karatu, shi ne kifin masunci da itacen matar ƙauye ba su cika shiga littafin lissafin hukuma ba.

Sauyin yanayi ya ƙara nauyin. Mutanen nan ba su da masana'antun da ke turnuƙe sama da hayaƙi, amma ambaliyar 2022 ta same su da hanyoyin ruwa a toshe, ta kwanta a gonakin Auyo da Haɗeja da Kiri Kasamma.