Ba Kowane Ciwon Ciki Ne Olsa Ba

A wani gidan biki da ke gindin Dutsen Kufena, daura da Wusasa, na taɓa ganin wata gwaggota ta ture farantin waina da soyayyar kaza, tana cewa olsarta ba ta yarda da maiƙo. Shekara da shekaru tana shan farin ruwan maganin nan na kemis, in abin ya ci tura ta jiƙa kanwa. Sai da idanunta suka koma rawaya aka ɗauki hoton cikinta, aka tarar tsakuwa ce cike da matsarmamarta.

Mai karatu, a ƙasar Zazzau kusan duk wanda cikinsa ya ƙulle bayan cin abinci da kansa yake yanke wa kansa hukuncin gyambon ciki, har mu da muke taƙama da boko. Ko shakka babu gyambon na nan, sai dai ba yunwa ko yaji ne tushensa ba. A 1982 wasu likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cutar Helicobacter pylori da ke haddasa galibinsa, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Sauran kuwa yawanci aikin magungunan ciwon jiki ne irin su Ibuprofen da Diclofenac, waɗanda muke haɗiya kamar gyaɗa.

Matsarmama 'yar jaka ce a ƙarƙashin hanta, mai adana ruwan ɗacin da ke narkar da kitse. Idan mutum ya ci maiƙo sai ta matse, in kuwa akwai tsakuwa a bakinta sai ciwo ya turnuƙe a ƙasan haƙarƙarin dama, wani lokaci ya harba zuwa baya ko kafaɗar dama, ya ɗauki rabin awa ko sa'o'i, tare da tashin zuciya. Ta fi samun mata, musamman masu yawan haihuwa da masu ƙiba. Wani abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne amosanin jini: yawan fashewar ƙwayoyin jinin masu sikila kan haifar musu da tsakuwar tun suna ƙanana, amma sau da yawa a ɗauka ciwon nasu ne na kullum ya motsa.

Gwajin ba shi da wuya. Hoton ciki da ake yi wa masu juna biyu shi ke nuna tsakuwar, ƙwayar gyambo kuma ana gano ta a bayan gida. Wanda ya ga shawara a ido, ko zazzaɓi tare da ciwon, ko aman jini, ko baƙin kashi, ko rama babu dalili, to ya bar kemis ya nufi asibiti. Ga na Wusasa kusa, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Ita dai gwaggo an cire mata jakar ɗungurungum, kamar yadda aka saba yi, domin hanta na ci gaba da zuba ruwan ɗacin cikin hanji ko babu ita.