Tsautsayi ko Sakaci? Matsayin Direba a Gaban Dokar Hanya

Gabatarwa

Manufar wannan ɗan taƙaitaccen bayani ita ce duba yadda ake zartar da dokokin hanya a Nijeriya, da kuma irin hanzarin da shari'a take karɓa daga wanda ake tuhuma da karya su. Abin da ya jawo hankalina shi ne, duk lokacin da mota ta kife, maganar da ake fara ji a tasha ita ce, "tsautsayi ba ya wuce ranarsa." To, shin alƙali ma haka yake kallon al'amarin?

Masu Zartar da Doka

A shekarar 1988 gwamnatin soja ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, kuma Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. An sabunta dokar hukumar a 2007. Ita ce ta tilasta ɗaura bel a mota tun daga 2003, sa'an nan a 2017 ta fara kama motocin haya marasa na'urar ƙayyade gudu. Ban da ita, akwai 'yan sanda da jami'an duba lafiyar motoci na jihohi. Idan aka kama direba da laifi, kamar lodin da ya wuce kima ko tuƙi ba lasin, akan ba shi takardar tara, ko a gurfanar da shi gaban kotu, wani lokaci kotun tafi-da-gidanka a gefen titi.

Haƙƙin Wanda Ake Tuhuma

Ya kamata a fahimci cewa takardar tara zargi ce kawai, hukunci kuwa na kotu ne. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Haka kuma ya hana a hukunta mutum a kan abin da rubutacciyar doka ba ta ambata ba, ita da hukuncinsa. Saboda haka direban da ya tabbata an zalunce shi yana da damar ya ƙi biya, ya je ya kare kansa.

Hanzarin da Shari'a Ke Karɓa

Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda aka zartar a 1959, ya yarda da tsautsayi a matsayin hanzari, amma da sharaɗi: aikin da mutum yake yi ya zama halattacce, kuma ya yi shi da kula da taka-tsantsan. Alal misali, direbobi biyu ne birki ya tsinke musu. Na farko ya kai motarsa gareji kwanan nan, kuma ɓarnar ɓoyayya ce wadda makanike bai iya ganinta ba. Na biyu kuwa ya yi mako yana jin birkin na saki, amma ya ci gaba da lodi don kada ya rasa kuɗin balas. Na farko yana da abin faɗa wa alƙali. Na biyu sakaci ya yi, ko da ya kira shi ƙaddara.

Kundin ya kuma bambanta kuskuren fahimtar abin da ya auku da jahiltar doka. Na farko yana iya zama uzuri idan da zuciya ɗaya aka yi shi, amma "ban san an hana ba" ba ta fid da kowa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu ga cewa shari'a ba ta musun tsautsayi, sai dai takan tambayi abin da direba ya yi kafin ya auku. Wajibi ne jami'i ya kawo shaida, direba kuma ya nuna ya kula da motarsa da rayukan da ya ɗauko. Hausawa da kansu sun ce rigakafi ya fi magani.