Abin da mai kallo a Yola ke nema a fim ɗin tarihi

Bayan sallar isha'i a Yola Gari, idan zafin rana ya lafa, gidaje da dama kan taru gaban talabijin ko wayar hannu. Wasu na bin Labarina na Aminu Saira, wasu Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wasu kuma Ertugrul na Turkiyya da aka fassara zuwa Hausa. Mafi yawansu ba su karanci harkar fim ba, amma sun san abin da ke zaunar da su da abin da ke sa su tashi.

Abu na farko da ɗan Yola ke dubawa a fim ɗin tarihi shi ne ɗabi'a. Ya tashi a garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, yana ganin hawan sallah a ƙofar fadar Lamiɗo. Ya san yadda ake naɗa rawani, yadda bafade ke zubewa ya kwashi gaisuwa, da yadda babba ke magana ƙasa-ƙasa. Saboda haka idan ya ga sarki a fim yana ɗaga murya kamar mai ciniki a kasuwar Jimeta, ko 'ya tana kallon tsabar idon mahaifinta tana mayar masa da magana, sai ransa ya fita daga labarin. Kunya da haƙuri su ne ginshiƙan pulaaku, tarbiyyar da Fulani ke taƙama da ita, kuma da su yake auna jarumi. Zai yafe ƙarancin dawaki da raunin sauti, amma ba ya yafe ƙarya a kan halin mutanen da.

Wannan ne ya sa fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, wanda ya fito a Netflix a 2021, ya sha suka a Arewa duk da kuɗin da aka zuba masa. Sarauniyar Zazzau tana magana da Turanci, suturar kuma ba ta gamsar da masu kallo da yawa ba. Ertugrul kuwa, duk da cewa tarihin wasu ne, ya samu karɓuwa saboda masu shirya shi sun girmama kakanninsu, sun kuma bai wa labarin lokaci ya nuna.

A finafinan zamantakewa ƙorafin daban ne. Mai kallo na son rikicin da ya sani: rabon gado, zaman kishiyoyi, ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Abin da ke gundurarsa shi ne waƙar da ake cusawa a tsakiyar tashin hankali, da jan labari mako bayan mako ba tare da ya motsa ba, da attajirin da ba a taɓa nuna sana'arsa ba.

Abin lura shi ne ɗan Adamawa ne ya nuna hanya tun farko. Adamu Halilu, haifaffen Garkida, shi ya ba da umarnin Shaihu Umar a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Balewa. Labari ne na yaron da cinikin bayi ya raba da mahaifiyarsa har ya tsallaka Sahara, an kuma yi shi da Hausa tsantsa. Bayan an gyara kwafinsa, an haska shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Sai dai matasan Yola ƙalilan ne suka taɓa ganinsa.

Tarihin Fombina kansa cike yake da labaran da suka cancanci allo. Akwai ƙaurar Modibbo Adama daga Gurin zuwa Ribadu kafin ya zauna a Yola. Akwai Lamiɗo Zubairu, wanda ya ƙi miƙa wuya lokacin da Turawan Ingila suka auka wa garin a 1901, ya fice ya ci gaba da gwagwarmaya har ya rasu a 1903. Akwai kuma rabon masarautar tsakanin Ingila da Jamus, wanda ya bar 'yan uwa a ɓangarori biyu na iyakar Najeriya da Kamaru.

A nan ne batun ya shafi masu riƙe da ofis a Abuja. Tun Janairun 2024 Ali Nuhu ke shugabantar Hukumar Finafinai ta Najeriya da ke Jos, kuma ya san masu kallon Arewa ciki da bai. Idan aka samar da Shaihu Umar ga makarantu da gidajen talabijin, aka kuma haɗa marubutan fim da masana tarihi da fadoji kafin a kunna kyamara, yaron da ke Yola zai san Lamiɗo Zubairu kamar yadda ya san Ertugrul.