Kaurin Man Shokazoba: Ba Shi Ke Ɗaukar Kaya Ba

Duk wanda ya tashi daga Kwanar Ɗangora a kan babur, ya wuce Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore har ya haura Riruwai, ƙugunsa ya gaya masa amfanin shokazoba. Sai dai da yawa sun ɗauka man da ke cikinta ne ke riƙe nauyi. Ba haka ba ne, wannan aikin sifirin ne. Shi mai, idan taya ta faɗa rami, matse shi ake yi ya bi ta wasu ƙananan huji, kuma wannan turjiyar ce ke hana sifirin ya yi ta tsalle da mahayi.

Ana auna kaurin mai da ma'aunin cSt, inda ruwa yake kusan 1. Masu tseren ƙananan motocin rimot a Turai da Amurka sun daɗe da gane cewa lambar "wt" da ke jikin kwalbar man silikon na shokazobar motocinsu ba ta da tsayayyar ƙa'ida. Mai lamba 30 na wani kamfani yana kai 350 cSt, na wani kuma ya sha bamban, shi ya sa suke dogara da cSt. A fili mai gargada sukan zuba mai tsinkakke don taya ta riƙa bin ƙasa, a sumul kuma su ƙara kauri.

To, mu leƙa garejin bakin hanya. Man shokazobar gaba mai lamba 10W bai cika wuce 50 cSt ba a zafin digiri 40, alhali baƙin mai 20W-50 yana kai wajen 150. Amma sau nawa bakanike ke ɗura baƙin mai, wani lokaci ma wanda aka juye daga inji? Mai babur ya danna kai ya ji tauri, ya ce, "Yauwa maigida, yanzu ta yi ƙarfi!" Ƙarfin banza ne. Taya za ta riƙa dukan dutse maimakon shokazoba ta shanye dukan, hannu ya sha girgiza, kuma da asubar hunturu man ya ƙara daskarewa. In kuma robar bakin sandar shokazoba ta gaji, za ka ga ƙura ta manne a jiki, mai na gangarowa wajen birki.

Wanda buhunan masara suka durƙusar da babur ɗinsa, sifirin zai sa a duba masa, ko ya rage lodi.