Abin da Doka Ta Ce Game da Ɗaukar Wuƙa

A ƙasar Haɗeja da wuya ka shiga gidan da ba wuƙa. Mahauci da ita ya ke fiɗa. Masunci da ita ya ke gyaran tarwaɗa da karfasa kafin a yi banda. Baduku yana da tasa ta yankan fata, wanzami kuwa askarsa na cikin zabira. Manomi yana da laujen yankan shinkafa, da adda ta saran kacalla, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa tun bayan da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992. Makiyayi ba ya shiga daji sai da sanda da adda. Duk waɗannan kayan neman abinci ne.

To, ana jin magana iri biyu a bakin jama'a. Waɗansu su kan ce Gwamnati ta hana ɗaukar wuƙa sam sam. Waɗansu kuma su ce, ai wuƙata tawa ce, da kuɗina na saya a wurin maƙeri, in na ga dama in shiga da ita ko'ina. Dukansu biyu ba su faɗi daidai ba.

Da farko ya kamata mu san masu yin dokar. A zamanin En'e, Sarki da majalisarsa su ke tsara al'amuran gari, alƙalai su yi shari'a, 'yan doka su yi kamu. A 1959 Majalisar Jihar Arewa a Kaduna ta yi babban littafin laifuffuka da hukuncinsu, wanda a ke kira Final Kod. Ya fara aiki ran 30 ga Satumba 1960, ana gobe samun mulkin kai. Da aka yi Jihar Kano a 1967 ta gaji littafin. Da aka fid da Jigawa daga Kano ran 27 ga Agusta 1991, ita ma ta gaje shi, kuma Majalisar Dokoki ta Dutse ke da ikon yi masa gyara. A shekarar 2000 Jigawa ta ƙara da dokar laifuffuka ta shari'ar Musulunci, wadda kotunan shari'a su ke aiki da ita kan Musulmi. A sama da waɗannan akwai dokokin tarayya da a ke yi a Abuja, su kuwa sun hau kan kowa daga Legas har Birniwa. A ƙasa kuma akwai ƙananan hukumomi, waɗanda suka maye gurbin En'e a 1976. Takwas ne a masarautar nan: Haɗeja, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Guri da Kirikasamma. Kasuwa da tasha da mayanka suna hannunsu, suna da ikon kafa ƙa'idodi a kansu.

Bindiga sai da lasin, ko da ta maharba ce ƙirar gida. Dokar tarayya ta 1959 ta ce haka. Wuƙa ba ta da lasin. Ba ofishin da za ka je ka yanki takardar mallakar lauje ko adda, in wani ya ce ka ba shi kuɗin irin wannan takarda, cutarka zai yi. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ce ba a hukunta mutum sai da laifin da ke rubuce a cikin doka. Ajiye wuƙa a gida, ko tafiya da ita wurin sana'a, ba laifi ba ne.

Amma fa doka tana duban wurin da ka kai ta. Akwai dokar tarayya ta 1979 ta kiyaye zaman lafiya a wurin taro. Ta hana kowa zuwa taron jama'a ko jerin gwano da makami, sai wanda aikin hukuma ya ba shi izini. Makami a nan ba bindiga kaɗai ba ce. Wuƙa da adda da gora duk suna ciki. Dokar zaɓe da aka yi a 2022 ta ƙara ƙarfafa wannan: ta hana riƙe makami a wurin gangamin siyasa, ta kuma hana shi ran zaɓe a rumfar jefa ƙuri'a da kewayenta har mita 300. Watau mahaucin da ya tashi daga mayanka zai je jefa ƙuri'a, sai ya fara biyawa gida ya ajiye wuƙarsa. A mayanka kayan aiki ce. A bakin akwatin zaɓe kuwa, ita wannan wuƙar, makami ce, ko da bai zare ta daga kube ba, ko da bai yi nufin kowa da mugunta ba.

Wani zai ce, to, takubban hawan salla fa? Wannan ado ne na sarauta, hukuma ta san da shi, an kuwa san masu ɗauka. Ban da saurayin da ya soke wuƙa a ƙugu ya bi ayarin dawaki. Shi ya sa in salla ta gabato 'yan sanda su kan yi shela a rediyo, su ja kunnen matasa game da yawo da makamai.

Akwai kuma wata magana da ya kamata kowane magidanci ya riƙe. A Final Kod, in mutum biyar ko fiye suka taru da nufin yin abu da ƙarfin tsiya, kamar korar wani daga fadama ko ƙwace mashaya, wannan taro haramtacce ne. Wanda ya shiga da makami, laifinsa ya fi na wanda ya shiga hannu sake. In kuma ɗaya daga cikinsu ya sari wani garin cika nufin da ya tara su, laifin na iya hawa kansu duka. Ba a cewa, ai ni rakiya na yi.

Yanzu mu zo ga abin da mutum ya aikata da wuƙar. A nan ne doka ta yi tsanani, kuma lissafin abin lura ne. Yadda aka rubuta littafin a 1959, wanda ya ji wa wani ciwo da gangan, da hannu kawai, ɗaurinsa ba ya wuce shekara 1. In da abin suka ko abin yanka ya ji masa, ɗaurin na iya kai shekara 3. In rauni mai tsanani ne, ba makami, har shekara 7. In da makami ne, har shekara 14. Kun ga wuƙa ita kaɗai ta ninka hukunci. Rauni mai tsanani kuwa, a ma'anar doka, shi ne kamar rasa ido ko ji ko wata gaɓa, ko karaya, ko tabon da ya ɓata fuska har abada, ko ciwon da ya kusa kai mutum lahira, ko wanda ya hana shi aikinsa kwana 20. Ku dubi wannan na ƙarshe. Sara ɗaya a dantse ya isa ya hana manomi riƙe lauje kwana 20. In rai ya fita, kuma an tabbata da niyya aka yi, hukuncin kisa ne. A kotun shari'a kuma akwai ƙisasi da diyya, diyya kuwa kan cinye garke da gona.

Ko ba ka taɓa mutum ba, zare masa wuƙa don ka tsorata shi laifi ne mai zaman kansa. Haka kuma fashi. Dokar tarayya ta 1984 ta yanka wa ɗan fashi ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba. In yana riƙe da makami, ko yana tare da mai makami, kisa ne. Dokar ta ambaci adda da wuƙa da mashi da kwari da baka da kulki. Yaron da ya nuna wa wani 'yar wuƙa ya karɓe masa waya, a gaban alƙali sunansa ɗan fashi da makami, daidai da mai bindiga. Iyaye, ku karanta wa 'ya'yanku wannan wuri sau biyu.

Sauran babbar hujjar da kowa ke kawowa: don kare kaina na ɗauka. Gaskiya ne doka ta yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa, har da ran wani da dukiyar wani. Amma ta gindaya sharuɗɗa, mutane kuwa sun fi sanin izinin da sharuɗɗan. Kada ka yi ɓarnar da ta wuce abin da zai tsirar da kai. In akwai lokacin da za ka kai kuka ga hukuma, ba ka da ikon ɗaukar mataki da hannunka. In haɗarin ya wuce, ikon ya ƙare. Wanda ya juya baya yana gudu, ka bi shi ka sara, ramuwa ka yi, ba kariya ba, alƙali kuwa ya san bambancinsu sarai.

Bari mu yi misali da abin da mu ka sani. Da kaka, in ruwa ya fara janyewa, shanu su kan gangaro fadamun Guri da Kirikasamma, shinkafa kuwa ba a gama yanka ba. A ce mutum ya je da sassafe ya tarar da garke a cikin gonarsa. Wahalar damina guda ce a ke tattakewa a gaban idonsa, ba wanda zai ce kada ransa ya ɓaci. Yana da ikon kore shanun. Yana da ikon kiran shaidu su ga ɓarna, ya kai ƙara wurin bulama ko dagaci, a nemo arɗo, a ƙiyasta abin da aka ci, a biya. In ba a daidaita ba, ga 'yan sanda, ga kotu, ga kuma hukumar da Gwamnatin Jigawa ta kafa don sasanta manoma da makiyaya. Abin da ba shi da iko shi ne ya sari yaron da ke kiwon, ko ya sassare dabbobin. In ya yi haka, shari'a ta juye. Shi da ya fito da safe a matsayin mai ƙara, da yamma shi ne wanda a ke ƙara, shinkafar kuwa ba ta dawo ba. Haka nan makiyayin da aka tare masa burtali ko mashaya. Yana da gaskiyarsa, amma in ya ɗana kibiya ya zubar da ita. Dokar ɗaya ce ga Bahaushe da Bafilatani da Babade da Bamange.

Waɗansu su kan ce, ai tsokanata aka yi. Tsokana mai tsanani, ta farat ɗaya, tana iya rage hukunci, har ta sauke shi daga kisa zuwa ɗauri. Ba ta wanke mutum. In kuwa ka koma gida ka ɗauko wuƙa ka dawo, alƙali zai ce ka sami lokacin hucewa a hanya. A ganina, wannan ne ya sa wuƙar ƙugu ta fi cutar mai ita. Faɗan da zai ƙare da zagi da cin kwala, dattawa su raba, in akwai ƙarfe a jiki kafin a ce kwabo ya zama na asibiti da kurkuku.

To, yaya mai sana'a zai yi? Abu ne mai sauƙi. Ka sa wuƙa a kube, ka sa ta cikin jaka tare da sauran kayan aikin. Masuncin da aka gani da wuƙa cikin koma da gora, ba mai tambayarsa. Wanda aka gani da ita cikin riga, da tsakad dare, a bayan tasha, zai sha tambaya. In ka sayi sabuwar adda a kasuwar Haɗeja, ka naɗe bakinta da buhu kafin ka hau mota. In ka tashi daga gona za ka wurin biki ko dambe ko taron siyasa, ka bar ta a gida.

In ɗan sanda ya tsai da kai, kada ka gudu, kada kuma ka kai hannu wajen wuƙar. Ka faɗa masa da bakinka tana nan, ka faɗi sana'arka, da inda ka fito, da inda za ka. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ba shi ikon caje wanda ya ke zargi bisa dalili, ta kuma ce ya gaya maka sunansa da ofishinsa da abin da ya ke nema. Mace, mace ce za ta caje ta. In an kama ka, tsarin mulki ya ce a kai ka gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Ba a kama uba ko mata a madadin wanda a ke nema. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Ku da ke zuwa aji, ga ranar karatu: ka karɓa ka karanta da kanka. Sarkin Pawa ko Sarkin Ruwa ko Sarkin Aska na iya zuwa ya shaida sana'arka, shaidarsa kuwa tana da nauyi.

Matafiyi ya ƙara sanin cewa kowace ƙasa da nata tsari. A Ingila, dokar 1988 ta hana yawo da wuƙa a bainar jama'a ba tare da kyakkyawan dalili ba, sai 'yar ƙarama mai naɗewa wadda bakinta bai wuce inci 3 ba, ɗaurin kuwa na iya kai shekara 4. Maniyyacin da zai tashi daga filin jirgin Dutse ko na Kano, kada ya sa wuƙa ko aska ko almakashi a jakar hannu, don za a karɓe a bakin ƙofa. Ya sa su cikin babban akwatin da a ke aunawa.