Shirin Musamman: An Fito Gareji, Man Giya Bai Daina Ɗiga Ba

Shirin namu na yau na masu mota ne, musamman wanda ya kai tasa gareji saboda yoyon man giya, ya biya kuɗin aiki, bayan kwana uku ya fito da safe ya tarar da tabon mai a inda ta kwana.

Ni kaina abin ya taɓa cin aljihuna. Sau biyu ana canza wa tsohuwar Golf ɗina sil na wajen shaf, sau biyu yoyon na dawowa. A karo na uku wani dattijon bakanike ya zare shaf ɗin, ya goge shi da tsumma, ya kama yatsana ya ɗora a kan ƙarfen. Ya ce, "Malam, ja farcenka a nan." Na ja, sai farcen ya maƙale a wani siririn rami da ya zagaye ƙarfen. Ya ce, "To ka ji ɓarawon. Ko sil goma za ka sa, a kan ramin nan zai zauna."

Ruwa dai ba ya tsami banza. Sil zoben roba ne mai siririn baki, da ɗan sifirin a ciki da ke matse shi a jikin shaf. Shekara da shekaru shaf na juyawa, ƙura na shiga tsakani, har robar ta ci ƙarfe. Maganinsa shi ne a canza ƙarfen da ya cinye, ko a zaunar da sabon sil ɗan gaba ko baya da ramin. In kuma boris ne ya saki, shaf zai riƙa rawa yana buɗe bakin sil, sai an fara gyara boris ɗin.

Akwai wani wurin da ake yawan mantawa. A saman giya akwai ɗan hancin da take numfashi ta cikinsa. Giya na zafi, iskar ciki na kumbura, ta nan take fita. Idan ƙurar hunturu ko taɓon damina suka toshe shi, iskar za ta tura mai ta fito ta sil, komai sabuntarsa. Haka ma in an cika mai fiye da ƙima. A yawancin motoci masu giyar hannu, iyakar mai ita ce bakin ramin da ake zubawa. Sai washar notin da ake kwancewa a juye mai: ta tagulla ce ko alminiyam, in an matse ta sau ɗaya ta gama aikinta. Gam kuwa, in aka lafta shi da yawa a giyar otomatik, ɓurɓushinsa na iya toshe hanyoyin mai, a yi gyaran gangar auzinawa.

To, kafin ka koma gareji da faɗa, tabbatar wane mai ne ke zuba. A wanke ƙasan motar tas, ka shimfiɗa kwali ta kwana a kai. Man giyar otomatik galibi ja ne in yana sabo, na giyar hannu yawanci yana da kauri da wari mai hawa kai, na inji kuma baƙi. Sau da yawa sil ɗin bayan inji ne ke yoyo, man ya gangaro ta mahaɗar inji da giya, a ɗora wa giya laifi. Wasu makanikai na barbaɗa hoda a wurin bayan wanki, a ɗan zaga da motar, sai man ya zana hanyarsa tun daga tushe.

Ka koma da wuri, ka kai kwalin nan ya zama shaida, ka yi magana cikin mutunci: "Oga, a duba mini shaf da hancin giya kafin a sake sa sil." Ka nemi a ba ka tsohon da aka cire. In za ka sayo da kanka, ko a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ka tafi da tsohon ko lambarsa, ka kuma tuna araha ba ta ado. Mai ma kowace giya da nata: Toyota otomatik na shan T-IV ko WS gwargwadon shekararta, Honda na da DW-1, giyar hannu da yawa kuma 75W-90. Littafin motar ne alƙali.

Abin da ba ma so shi ne a ce, "Bari in riƙa ƙarawa ina tafiya." Ranar da ka manta, giyar hannu za ta fara kuka, otomatik ta fara sulluɓewa, kuɗin sil ya koma kuɗin sauke giya gaba ɗaya, wataƙila kuma a tsakiyar hanyar Kano zuwa Zariya.

A nan za mu ja birki. Gobe da safe kafin ka tayar da mota, daure ka sunkuya ka leƙa ƙasanta. Allah Ya kiyaye hanya, a huta lafiya.