Zaƙami: Ciyawar Juji Mai Gusar da Hankali

Da damina ta kankama, zaƙami yakan tsiro a juji da kangaye da gefen magudanar ruwa da tsohon garke, duk inda ƙasa ta sha taki. Wasu na kiransa haukata-yaro ko babba-jiji. Asalinsa daga nahiyar Amurka ne, amma yau ya bazu a kusan duk ƙasashe masu zafi. Gane shi ba wuya: ganyensa faffaɗa ne mai wari idan an murza, furensa fari ko shunayya, dogo kamar kakaki, 'ya'yansa kuma ƙwallo ne mai ƙaya, cike da ƙananan iri.

Babu musu, akwai magani a jikinsa. Masu maganin gargajiya sun daɗe suna ba mai fuka hayaƙin busasshen ganyen, suna kuma ɗora ganyen a kan kumburi da ciwon gaɓoɓi. Sinadaran da ke cikinsa, wato atirofin da hayosin, likitoci na amfani da irinsu wajen duba ido, da lokacin tiyata, da ceto wanda ya sha wani nau'in maganin ƙwari. Sai dai na asibiti an tace shi, an auna shi da ma'aunin da bai kai ƙwayar gero ba. Na juji kuwa babu mai sanin ƙarfinsa. Yawan dafin yana bambanta daga wannan tushe zuwa wancan, daga ganye zuwa iri, har daga wannan lokaci zuwa wancan. Adadin da wani ya sha jiya ya tashi lafiya, shi ne zai iya kai wani kabari yau.

Cikin rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya da shansa, baki yakan bushe ƙayau, jiki ya ɗau zafi babu gumi, baƙin ido ya buɗe, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, fitsari ya ƙi fita. Daga nan sai sambatu. Za ka ga mutum yana tsintar abin da babu a jikin rigarsa, yana hira da bango, yana tuɓe tufafi a tsakiyar titi. Hakan na iya kai kwana biyu, in ya farfaɗo kuma sau da yawa ba ya tuna komai. Wanda abin ya tsananta gare shi yakan shiga jijjiga da doguwar suma, wani ya rasa ransa.

Ba masu shaye-shaye kaɗai abin ke shafa ba. Yara kan ɓare ƙwallon su tauna irin, miyagu kan zuba shi a abin sha, kuma yakan cuɗanya da hatsi lokacin girbi. A shekarar 2019, a yankin Karamoja na ƙasar Yuganda, garin abincin tallafi da irin zaƙami ya shiga ya kwantar da kusan mutum 300, biyar suka rasu.

Idan ana zargin wani ya sha, a garzaya da shi asibiti, kada a tsaya ana cewa iska ce ta taɓa shi. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a tilasta masa amai, kada a doke shi. A riƙa shafa masa tsumma mai sanyi, in ya suma a kwantar da shi a gefensa, a kuma tafi da ragowar abin da ya sha don likita ya gani.

Rigakafi ya fi magani. A tuge zaƙami daga gida da gona tun bai yi 'ya'ya ba, domin irinsa kan yi shekaru a ƙasa bai mutu ba. A wanke hannu bayan an taɓa shi, a nuna wa yara shi su san kamanninsa, mai fuka kuma ya nemi maganinsa a asibiti.